Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Malamin Kagara da ya sa yaran Arewa son karatu

A cikin ma'aikatan da ke cika ofisoshin gwamnatin tarayya a Abuja, da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ya kuma haura shekara 40, wanda bai san Waziri Aku ba ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Wani a aji ya haɗu da su, wani a zaure lokacin da yayansa ke karanta wa ƙanne littafi da fitilar ƙwai, wani kuma a talabijin. Da yawa daga cikin waɗanda yau ke rubuta takardun gwamnati da shirya jawaban manya, littafin farko da suka karanta don kansu, ba don tsoron bulala ba, na Alhaji Abubakar Imam ne.

An san shi da marubuci, da ɗan jarida, da ɗan siyasa, da babban ma'aikacin gwamnati. Amma aikin da ya fara yi shi ne koyarwa, kuma idan aka bi rayuwarsa daki-daki za a ga bai taɓa barin wannan aiki ba, ajin ne kawai ya yi ta faɗaɗa. Tambayar da ta dame shi ita ce wadda har yanzu take damun iyaye da malamai da hukumomin ilimi: yaron da aka koya wa haɗa baƙi, me za a ba shi ya karanta har karatun ya zame masa jiki?

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a lokacin yake cikin Lardin Kontagora, yanzu kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. Gidansu gidan malanta ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne masani, kuma asalin zuriyar daga ƙasar Borno take. Kamar kowane yaro na irin wannan gida, da allo ya fara, ya tashi yana jin Larabci da littattafansa a bakin manya.

Ƙasar da aka haife shi a cikinta ba ta daɗe da fita daga yaƙe-yaƙe ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa masarautar Kontagora a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, da sarautar Sarkin Sudan. A 1901 Turawan Ingila suka ci garin a zamanin ɗansa Ibrahim, wato shekara 10 kacal kafin haihuwar Imam. Dattawan da ya buɗe ido ya gani sun ga wancan zamani da idonsu, kuma labarinsa ne hirarsu. Wannan hira ta bar alama a rubuce-rubucen 'ya'yan gidan Malam Shehu Usman guda biyu.

Na farkonsu shi ne yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20. Malam Bello yana cikin waɗanda suka fara shiga makarantar boko a Arewa, ya zama malami a Katsina, daga baya kuma ya riƙe sarautar Walin Katsina. A hannunsa Abubakar ya ƙarasa girma, a Katsina ta zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce kuma daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Ya yi zamani a can da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama a 1932 sai aka ba shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 21.

Ya shiga aji ke nan da hannu biyu: ilimin Larabci na gida da ilimin Turanci na kwaleji, ga kuma Hausar da ya sha a Kagara da Katsina. Abin da ya tarar a ajin shi ne yara sun iya karanta boko, amma littattafan Hausa da ke hannunsu ba su taka kara sun karya ba. Akwai na koyon haruffa, akwai na kiwon lafiya da noma, akwai wasu na tarihi da aka fassaro daga Larabci. Littafin da yaro zai ɗauka bayan an tashi daga makaranta don jin daɗinsa kawai, shi ne babu.

Gasar 1933

Hukumar ilimi ta wancan zamani ta lura da wannan gibi. Tun 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, a 1933 kuma aka mayar da ita Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani jami'in ilimi Bature, Rupert East. Sauya sunan ya nuna sauya manufa: maimakon fassara littattafan wasu, a sa 'yan ƙasa su ƙirƙiro nasu. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai, yana neman su rubuta labari mai tsawo cikin Hausar boko, za a ba da kyauta a kuma buga wanda ya yi fice.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ƙasar Hausa tana da tsohuwar al'adar rubutu, ta Larabci da ajami, amma alƙalami na addini ne da shari'a da tarihi da waƙen wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi mata da yara da dare, ba abin da malami mai mutunci zai ɓata tawada a kansa ba. Shi kansa East ya rubuta daga baya cewa shawo kan malamai su yarda da wannan aiki shi ne babban abin da ya sha wa wuya.

Duk da haka an sami littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Waɗannan su ne harsashin ƙagaggun labaran Hausa na boko. Biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, na 'yan Kagara, kuma dukansu biyu da Kontagora suka jingina labarinsu. Ganɗoki ya ɗauko yaƙin Kontagora da Turawa. Ruwan Bagaja kuwa a Kontagora ya fara, a nan kuma ya ƙare: gwarzon labarin, Alhaji Imam, ya bar gida don neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya kuma wanke dattijon gidansu daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya ya yi ta karo da abokin hamayyarsa, Malam Zurƙe, kowa yana shirya wa ɗan'uwansa gadar zare.

Marubucin bai wuce shekara 22 ba lokacin da ya rubuta shi, kuma ƙuruciyar tana nan a cikin littafin: barkwanci, wayo, saurin tafiya daga wannan gari zuwa wancan. Manazarta sun nuna cewa salon abokan hamayya biyu masu yawo ya samo asali daga Muƙamatul Hariri, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai. Wato ya ɗauko abin da almajirai manya ke sha da wahala cikin Larabci, ya mayar da shi abin dariya ga ɗan firamare cikin harshensa.

Wata shida a Zariya

East ya ga abin da ke hannun wannan saurayi. A 1936 ya nemi hukumar Katsina ta ba shi aron malamin na ɗan lokaci, aka kuwa amince. Imam ya zo Zariya, aka ajiye masa tarin littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Farisawa da Turawa, aka ce ya karanta ya fito da littafin karatu na makarantu. Cikin kimanin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Ginin littafin aikin malami ne da ya san halin yara. Maimakon ya jera labaru barkatai, sai ya ɗaure su da igiya guda. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri kuma yana neman ya fitar da yaron don a hallaka shi. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Yaron da ke karatu yana son jin ƙarshen kowane labari, yana kuma son sanin ko Musa zai tsira, don haka ba ya ajiye littafin. A na biyu aku ya shiga gasar ba da labari da wani aku ɗan'uwansa. A na uku, bayan ya zama waziri, ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih, yana ba shi labari yana tambayarsa abin da ya fahimta, yana gyara masa. Littafi na uku, in aka duba da kyau, darasi ne a kan yadda ake koyar da adabi: a ba da labari, a bar yaro ya fito da ma'anarsa, sannan a sa shi ma ya gwada bayarwa.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin labaran aro ne. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi sawun da yawa daga cikinsu har zuwa Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Grimm, shi kansa aku mai tsare mutum da labari kuma daga wani tsohon littafin Indiya ya fito. Wasu na ganin wannan ragi ne ga darajar littafin. Amma wanda ya karanta asalin labaran ya kuma karanta na Imam ya san aikin da aka yi. Ya sauya musu suna da gari da sutura da abinci, ya sa musu sarki da alƙali da dogari da ɗan kama da mai tallar fura, ya sa mutanen ciki suna magana kamar yadda ake yi a kasuwar Katsina ko ƙofar fadar Zazzau. Dubban yara sun karanta su ba su taɓa zaton baƙi ne ba. Ya ɗebo ruwa daga rijiyoyin duniya, amma a tulun gida ya zuba shi.

Akwai kuma abin da littafin ya yi wa harshen kansa. A lokacin ba a gama daidaita rubutun Hausar boko ba. Ƙamus ɗin Bargery ma a 1934 ya fito. Magana Jari Ce, saboda ya shiga kusan kowace makaranta, ya zama ma'aunin da ake gwada kyakkyawar Hausa a rubuce da shi: gajerun jimloli masu tafiya, karin magana a inda ya dace, zance tsakanin mutane wanda kunne ke yarda da shi.

Jarida a matsayin aji

Yaro ya gama makaranta, ya karanta littattafan nan har ya haddace, sai kuma me? Idan babu sabon abin karantawa, karatun zai dushe. Amsar wannan ita ce jarida. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko, ya kuma riƙe ta fiye da shekara 10. Gwamnatin mulkin mallaka tana da tata bukata: yaƙi na ƙaratowa a Turai, ana son hanyar isar da labari da kashe jita-jita. Imam ya yi wannan aiki, amma ya ƙara da nasa.

Ya rubuta jaridar da Hausar da za a iya karantawa da ƙarfi a gaban jama'a, domin ya san kowane kofi guda mutane da yawa ne za su saurare shi, a zaure ko a gindin bishiya ko a barikin soja. Ya bayyana yaƙin duniya da misalan da manomi zai gane. Ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, har malamin makaranta a ƙauye da akawun En'e da sojan da ke Bama suka ga sunansu da ra'ayinsu a buga. Mutumin da ya taɓa ganin wasiƙarsa a jarida ya zama mai karatu har abada, ya kuma fara zama marubuci. Ta wannan fili aka fara tattauna abubuwan da a da ba a faɗa a bainar jama'a: cin hanci, zaluncin wasu ma'aikatan hukuma, ƙarancin makarantu, koma-bayan Arewa a ilimin zamani.

Matsayinsa ba mai daɗi ba ne. Albashinsa daga gwamnati yake, sarakuna suna sa ido a kan abin da ya buga, matasa masu zafin ra'ayi kuma suna ganin yana tafiya a hankali fiye da kima. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a tsayar da lokacin ba da mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilimin da za su riƙe rabonta. A wannan tafiya kuma ya gana da Lord Lugard, ya bayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin En'e da yadda ake danne matasan da suka yi karatu. Ana iya saɓa masa a kan matakin farko, an kuwa saɓa masa tun a lokacin. Abin da ba a musu a kai shi ne dalilinsa a duka biyun ɗaya ne, wato ilimi. Da ya dawo ma littafi ya mayar da tafiyar, Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai je ba ya gani da idon wanda ya je.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, ya haɗa jarida da buga littattafai a wuri guda. A wannan zamani Imam da East suka fitar da Ikon Allah, jerin littattafan da ke bayyana halittu da kimiyya cikin Hausa, bayan Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da ya riga shi fita. Ya kuma rubuta littattafan addini da tarihin Musulunci, ciki har da Tarihin Annabi Kammalalle. Manufarsa a nan a fili take: iyayen da ke ƙin boko don suna ganin zai raba 'ya'yansu da addini su ga cewa da haruffan nan ma ana karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana kuma ganin ikon Mahalicci a cikin tsiro da taurari.

Siyasa da aikin gwamnati

Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana ƙungiyar al'adu, kafin ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ya zauna a majalisar dokokin Arewa da ta wakilai a Legas. Amma bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Abokan karatunsa na Katsina sun zama Firimiya da Firayim Minista, shi kuwa ya koma inda ya fi wayo, wajen littafi da aikin hukuma.

Shekarun 1950 su ne na Yaƙi da Jahilci, lokacin da gwamnatin Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka. Hukumar NORLA, wadda aka kafa don samar wa sababbin masu karatun abin karantawa, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ta kuma kai su har kasuwannin ƙauye. Wannan shi ne tunanin da aka fara gwadawa a 1933, aka faɗaɗa shi ya game lardi 12 na Arewa: koyar da haruffa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne littafi ya isa hannu.

Daga tsakiyar shekarun 1950 Imam ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya shugabance ta, a daidai lokacin da ake maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa. Da yawa daga cikin samarin da suka zo gabansa neman aiki da littattafansa suka koyi karatu. Da aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa a Zariya a 1966, wato NNPC ta littattafai ba ta man fetur ba, yana cikin waɗanda suka ja ragamarsa a farko, kamfanin da ya ci gaba da buga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce shekara da shekaru. Ya kuma yi aikin sauraron koke-koken jama'a a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya. An karrama shi da lambobin girma na Ingila da na Nijeriya da digirin girmamawa.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Abin da ya rage a kan teburinmu

Idan ana maganar Imam an fi tsayawa a kan baiwarsa, kuma baiwar gaskiya ce. Sai dai baiwa kaɗai ba ta kai littafi aji. Akwai ofishin da aka ɗora wa alhakin samar da abin karantawa. Akwai jami'in da ya tashi daga kujerarsa ya zaga neman marubuta. Akwai gasa da kyauta. Akwai hukumar da ta yarda ta saki malaminta na wata 6 ya zauna ya yi rubutu. Akwai edita da ya bi rubutun layi-layi, da maɗaba'a, da hanyar rarrabawa, da farashin da talaka zai iya biya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shawara ce da wani ma'aikaci ya yanke a kan takarda. Da an rasa ɗaya, da wataƙila Imam ya ƙare a matsayin malamin Turanci nagari a Katsina, wanda ɗalibansa kaɗai za su riƙa tuna iya ba da labarinsa.

Ba a ce zamanin ba shi da aibi ba. Masu mulkin mallaka sun yi abin da suka yi ne don bukatar mulkinsu, makarantun kaɗan ne, 'yan mata a cikinsu sun fi kaɗan, kuma fifita boko ya tura ajami gefe. Amma a cikin wannan ƙuncin an gane abu guda wanda bai tsufa ba: yaro yana kama karatu ne da harshen da yake mafarki da shi, da kuma labarin da ke sa shi dariya ko fargaba. Imam malamin Turanci ne, ya san amfanin Turanci sarai, da shi ya yi muhawara a Landan da Legas. Duk da haka da aka ce ya rubuta wa yara, da Hausa ya rubuta, kuma waɗanda suka taso da littattafansa ba su kasa Turanci ba.

Yau kayan aikin sun fi na 1933 yawa nesa ba kusa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, a 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe da ta faɗaɗa wannan, tun daga nan kuma ake ta kai-kawo a kan batun. Akwai NERDC mai tsara manhaja, akwai UBEC mai tallafa wa ilimin matakin farko, akwai Hukumar Laburare ta Ƙasa, akwai NECO da hedikwatarta ke Minna, babban birnin jihar da aka haifi Imam. A Kontagora kanta akwai babbar makarantar tarayya ta horon malamai. Marubuta ma ba su ƙare ba: tun daga shekarun 1980 matasan Kano da sauran garuruwa, mata a gaba, suka cika kasuwa da littattafan Hausa da kuɗin aljihunsu, yanzu kuma suna rubutu a intanet ana karantawa a waya. Ƙishirwar karatu tana nan. Abin tambaya shi ne ko ana haɗa waɗannan marubuta da aji kamar yadda aka haɗa Imam.

Akwai kuma yadda ake koyar da adabin. An sha sanya littattafan Imam cikin na jarrabawa, abin alfahari ne, amma yana da haɗarinsa. Littafin da aka rubuta don yaro ya kasa ajiye shi yana iya komawa jerin tambayoyi da amsoshi da ake haddacewa daga taƙaitaccen bayani, ɗalibi ya ci jarrabawa bai taɓa buɗe shi ba. Hanyar da Waziri Aku ya bi da Fasih ta fi wannan: a karanta labarin da ƙarfi, a yi dariya, a yi gardama a kan wa ya yi daidai, sannan a ce wa yaro kai ma kawo naka. Wannan ba ya bukatar kwamfuta ko sabon gini. Yana bukatar malamin da shi ma yake karatu, da kofi isassu, da sa'a guda a jadawali wadda ba za a cinye ta da wani darasi ba.

Sannan akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu. Bayan 'yan watanni aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, cikin ƙaramar hukumar ta Rafi. Garin da ya ba ƙasar Hausa marubuta biyu daga cikin biyar na farko, sunansa ya zaga duniya a kan satar 'yan makaranta. Ba a maganar son karatu ga yaron da ke tsoron kwana a makaranta, kuma tsaron ajin nan yana cikin abubuwan da ake yanke shawararsu a Abuja.

Wani yaro yana nan yau a Kagara ko Kontagora ko Tegina mai kunne da harshe irin na Abubakar Imam. Ko zai sami makarantar da zai zauna lafiya, da littafin da zai ja shi, da wanda zai lura da shi ya ba shi dama, wannan ya rataya a kan mutanen da fayil ke bi ta hannunsu. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa aljanna ce makomarsa, ya kuma ba na baya ikon riƙe abin da ya bari.